Tseren Da Ba A Tashi Tare Ba

Ya ku 'yan makaranta, kowace shekara in an gama jarrabawa a kan tara ku a karanta sakamako. Wanda ya zo na ɗaya a yabe shi, a ba shi kyautar littafi, iyayensa su ji daɗi. Wanda ya zo na ƙarshe kuwa a yi masa faɗa, abokansa su riƙa kiransa daƙiƙi, har wani lokaci sunan ya bi shi zuwa girmansa. Mun saba da wannan al'ada ƙwarai, har ba mu kan tsaya mu tambayi kanmu ko daidai ce ba. To, ga abin da mu ke so mu auna tare da ku yau. Shin yabon nan duka na wanda ya zo na ɗaya ne, zargin nan kuma duka na wanda ya zo na ƙarshe? In ba haka ba ne, wa ke da sauran?

Ku dubi sukuwa. In za a yi tseren dawaki, sai an jera su daidai wa daida, sa'an nan a ba da alama su tashi. Da a ce za a kai wani doki gaba da taki ɗari a bar sauran a baya, da 'yan kallo sun yi ihu sun ce an yi zalunci, kuma ba wanda zai yarda a ba mahayinsa tukuici. Ita makaranta tana ɗauka ranar da yara su ka shiga aji ɗaya ita ce ranar tashi. Amma likitoci da masanan halin yara sun gano tseren ya riga ya fara tun shekara shida kafin wannan rana. Sa'ad da yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Abin da ya ci cikin waɗannan shekaru, da cututtukan da su ka kama shi, da yawan maganar da a ka yi masa, da wasan da a ka yi da shi, duk suna cikin abin da ya gina ta. A shekarar 2016 mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta ƙiyasta yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara 5, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, waɗanda talauci da tsumburewa za su iya hana su kai inda halittarsu ta isa ta kai su.

Don kada maganarmu ta zama shaci-faɗi, bari mu kai ku wata ƙasa mai nisa inda a ka daɗe ana kokawa da wannan matsala, watau ƙasar Indiya.

A shekarar 1907 wata likita Ba'italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan renon yara ƙanana a wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Ta nuna cewa yaro ɗan shekara uku yana koyo da hannunsa da idonsa in an ba shi abin taɓawa an bar shi ya gwada, ba tare da bulala ba. Labarinta ya kai Indiya. Wani lauya mai suna Gijubhai Badheka ya bar aikin shari'a, ya buɗe irin wannan gida a garin Bhavnagar a 1920. Saboda yadda ya ke tarairayar yara har a ka yi masa laƙabi da uwa mai gashin baki. A 1923 wata mace mai ilmi, Tarabai Modak, ta ajiye shugabancin makarantar horon malamai mata a Rajkot ta zo ta haɗu da shi. Aikinsu ya yi kyau, amma akwai abin da ya tsaya wa Tarabai a rai. Kayan koyarwar suna da tsada, kuma 'ya'yan masu hali na birni su ne su ka fi cin moriyarsu. Abin da a ka ƙago don talaka ya koma hannun mai kuɗi.

Saboda haka a 1945, tana da shekara 53, ta tafi wani ƙauye na bakin teku mai suna Bordi, arewa da birnin Bombay wanda yanzu a ke kira Mumbai. Ta tafi tare da wata malama, Anutai Wagh, wadda a ka yi wa aure tana 'yar shekara 13, mijin ya rasu bayan 'yan watanni, ta koma karatu. Su ka buɗe makarantar yara ƙanana. Amma 'ya'yan waɗanda su ka fi kowa talauci, waɗanda domin su a ka zo, ba su cika zuwa ba.

A nan ne maganarmu ta ke. Amsa mai sauƙi tana nan kusa, kuma ita ce mai ilmi ya kan fara ɗauka: iyayen jahilai ne, ba su san darajar ilmi ba, an kawo musu alheri har ƙofar gida sun ƙi. Wanda ya faɗi haka ya wanke kansa, ya kwana da daɗi. Su waɗannan mata biyu ba su tsaya nan ba, sai su ka shiga gidajen su ka duba. Abin da su ka tarar shi ne, uba da uwa sun fita aikin ƙodago tun da sassafe, don in ba su fita ba ba za a ɗora tukunya ba. Yarinya 'yar shekara shida ita ce uwar gida, tana goye da jariri, tana tsaron na bin ta. Yaro kuwa yana daji da shanu. In yarinyar ta tafi makaranta, wa zai riƙe jaririn? In yaron ya tafi, wa zai hana shanu shiga gonar mutane? Ashe talakan nan lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne bisa ga halin da ya ke ciki. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo.

Da su ka gane haka, sai su ka juya al'amarin. Malama ta ɗauki kayanta ta tafi unguwar, ta share tsakar gidan wani, ta tara yara, ta wanke musu fuska, ta taje musu kai, sa'an nan a yi waƙa da tatsuniya da ƙirga. Tsakar gida a harshensu angan ne, shi ya sa a ka kira wannan makaranta anganwadi. Kayan koyarwa kuwa su ne abin da ke zube a ƙasa, 'ya'yan itatuwa da ganyaye da tsakuwa da yumɓu. A 1957 su ka ƙaura zuwa tudun Kosbad, cikin ƙabilar Warli mazauna daji. A can su ka haɗa ɗakin jarirai da na yara ƙanana da na firamare wuri guda, don yarinya ta zo da goyonta ta ajiye kusa, ta shiga aji hankalinta kwance. Yara makiyaya kuwa, malami ya bi su har makiyaya, ya zauna da su gindin itace, ana karatu ana duban shanu.

Ga darasi na farko da mu ka ɗauka daga wannan labari. Kyautar da a ka rataya a kan rimi, a ka ce wa gurgu ya hau ya ɗauka, ba a ba shi kome ba, kuma wanda ya rataya ba shi da bakin cewa gurgun ya raina kyauta. Kafin mu ɗora wa mutum laifin ƙin abu, wajibi ne mu tabbata yana da ikon karɓa. Yaro ɗan shekara uku bai zaɓi gidan da a ka haife shi ba, bai zaɓi abin da zai ci ba, ba shi da ƙafar zuwa nesa, ba shi da bakin kai ƙara. A cikin 'yan Adam duka ba wanda ya kai shi rashin laifi cikin abin da ya same shi, kuma ba wanda abin zai bi tsawon rai kamarsa.

Tarabai ta rasu a 1973. Bayan shekara biyu, ranar 2 ga Oktoba 1975, Gwamnatin Indiya ta kafa wani shiri na kula da yara ƙanana, ta ɗauki sunan nan anganwadi ta sa wa gidajensa. An fara a yankuna 33 kaɗai. Yau gidajen sun kai kusan 1,400,000, galibinsu a ƙauyuka. A kowane gida akwai mace ɗaya ma'aikaciya, 'yar wannan ƙauye, da mataimakiyarta mai dafa abinci. An ɗora musu ciyad da yara da mata masu ciki da masu goyo, da auna nauyin yara, da taimakon ma'aikatan lafiya wajen allurar rigakafi, da tura marasa lafiya asibiti, da koya wa iyaye mata tsabta da abinci, da kuma koyad da yara 'yan shekara 3 zuwa 6 ta hanyar wasa. A watan Disamba 2006 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ba da umurni cewa duk unguwar da ke da yara 40 'yan ƙasa da shekara 6, in ba ta da anganwadi, tana da haƙƙin ta nema a buɗe mata.

Wanda ya ji wannan zai ce to, magana ta ƙare. Ina! Binciken lafiyar iyali da Gwamnatin ta yi tsakanin 2019 da 2021 ya nuna fiye da kashi 35 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma abin ya fi yawa a ƙauye. Dalilan suna da yawa. A ƙauyukan Indiya mutanen da a ke ƙasƙantarwa saboda asalinsu su kan zauna a gefen gari, gidan anganwadi kuwa sau da yawa yana tsakiya, inda ƙafar ɗan yaro ba ta kaiwa. Waɗansu iyaye su kan bar ƙauye watanni da dama kowace shekara, su tafi saran rake ko aikin gasa tubali, da 'ya'yansu duka, sunan yaro yana cikin littafi a gida shi kuwa yana can cikin ƙura. Ita ma'aikaciyar, littattafan lissafi sun yi mata yawa, ga yawon gida gida, ga aikin ƙidaya da na zaɓe da a kan ɗora mata. In lokaci ya ƙure, abin da babban ma'aikaci zai zo ya ƙirga shi a kan yi, watau buhunan abinci da lambobin ma'auni. Waƙa da tatsuniya ba mai ƙirga su, don haka su a kan fara zubarwa. Har a waɗansu wurare mutane su kan ɗauki gidan wurin karɓar dafa-duka kawai. Masu ɗan hali su kan cire 'ya'yansu su kai makarantun kuɗi, inda a ke zaunad da ɗan shekara huɗu a kan benci yana haddar baƙaƙen Turanci da bai san ma'anarsu ba. Wani bincike na ƙauyuka da ƙungiyar Pratham ta yi a 2019 ya nuna 'ya'ya maza a ka fi kai wa can, mata a bar su a na Gwamnati.

Wani zai ce, ai in dukiya ta yi kaɗan, ciki ne gaba. Yaro mai jin yunwa me zai yi da tatsuniya? Magana ce mai nauyi, kuma rabinta gaskiya ne. Amma an taɓa gwada abin a tsibirin Jamaika. A 1986 da 1987 wata likita, Sally Grantham-McGregor, da abokan aikinta su ka zaɓi yara 129 tsumburarru, 'yan wata 9 zuwa 24, a unguwannin talakawa na birnin Kingston. Su ka raba su kashi huɗu. Kashi ɗaya a ka riƙa ba su madara kowane mako. Kashi na biyu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sa'a ɗaya a mako, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasa da a ka ƙera da tarkacen gida. Kashi na uku su ka sami duka biyu, na huɗu kuwa kulawar asibiti kaɗai. Bayan shekara biyu, madara ta yi amfani, wasa ya yi amfani, waɗanda su ka sami duka biyu su ne a gaba. Bayan shekara ashirin a ka sake neman yaran, sun zama manya. Sai a ka tarar alamar madarar ta ɓace, amma waɗanda a ka yi wasa da su suna samun kuɗin aiki fiye da waɗanda ba a yi da su ba, da wajen kashi 25 cikin 100. Ba mu ce abinci banza ne ba, wanda bai rayu ba ba zai yi karatu ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne yunwar yaro iri biyu ce, kuma wadda ba ta sa shi kuka ita ce a kan manta da ita.

Akwai kuma masu cewa renon yaro aikin iyayensa ne, me ya kai hukuma tsakar gidan mutane? Mu ma mun yarda ba wanda zai maye gurbin uwa. Amma ku lura, a Jamaika uwa ce ta yi wasan, baƙuwar nuna mata kawai ta yi. A Kosbad ma ba a raba yaro da danginsa ba, an sauke wa yayarsa kayan da su ka fi ƙarfinta ne. Uwar da ta fita saran rake tun asuba ba ƙin ɗanta ta yi ba, saboda shi ta fita. Mutanen da ke shan sukarin nan da araha suna da hannu cikin dalilin da ya sa ba ta gida, saboda haka ba su da ikon cewa ba ruwansu da ɗan da ta bari. Kakanninmu da su ka ce ɗa na kowa ne sun riga mu gane wannan. Dokar Indiya kanta ta yi jinkiri a nan. Gyaran tsarin mulki na 2002 da dokar 2009 sun mai da ilmi haƙƙin yaro daga shekara 6 zuwa 14, wanda a ke iya kai ƙara a kansa, amma na ƙasa da 6 an ce hukuma za ta yi ƙoƙari ne kawai. Sai a tsarin ilmi na 2020 a ka lissafa shekara 3 zuwa 8 a matsayin harsashin karatu duka.

Wani abin kunya kuma, wanda ba Indiya kaɗai ke da shi ba, shi ne yadda a ke biyan mai aza harsashin. Ma'aikaciyar anganwadi ba a lissafa ta cikin ma'aikatan Gwamnati sosai ba, an kira ta mai aikin sa kai, abin da a ke ba ta kuma an kira shi ihsani. A 2018 a ka ɗaga abin da Gwamnatin tsakiya ta yanka mata daga rupi 3,000 zuwa 4,500 a wata, jihohi su ƙara abin da su ka ga dama. Sai a watan Afrilu 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ita da mataimakiyarta suna da haƙƙin kuɗin sallama in sun bar aiki. Duniya ta kan biya malamin manyan ɗalibai da yawa, ta biya malamar ƙanana kaɗan, alhali icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Magini bai taɓa ba wa mai shafen bango lada fiye da mai aza tushe ba, sai a ginin mutum mu ke yin haka.

To, saura tambaya ɗaya, kuma ita ce mafi haɗari. In haka ne, ashe ƙoƙari ba kome ba ne? Rago zai ji wannan ya yi murna, ya ce ba laifina ba ne, madara ce ban sha ba. Kada ya yi saurin murna. Cikin yaran da su ka tashi a gida ɗaya, su ka ci tuwo ɗaya, a kan sami mai himma da malalaci, kuma kowannensu zai girbi abin da ya shuka. Akwai kuma waɗanda su ka taso daga baya can su ka wuce na gaba, irin su Anutai Wagh, kuma yabonsu ya ninka. Abin da mu ke faɗi shi ne, a kan tambayi mutum gwargwadon abin da a ka ba shi. Wanda ya san ya iya, ya ƙi, a zarge shi. Wanda a ka tauye tun bai san sunansa ba, zarginsa zalunci ne a kan zalunci. Tun da ya ke kuwa malami da ɗan aji ba su san abin da ya wuce cikin shekarun nan shida na kowane yaro ba, kalmar daƙiƙi ba ta kamaci bakin kowa ba.

Wanda ya zo na ɗaya kuma ya riƙe kyautarsa, ya yi aiki ya samu. Amma ya sani akwai masu rabo a cikinta waɗanda ba a kira sunansu ba: wadda ta shayad da shi, da wadda ta goya shi ta fasa nata wasan, da kakar da ta yi masa tatsuniya da dare, da wanda ya amsa masa tambaya sau goma bai gaji ba. Bai biya su ba, kuma ba zai iya ba, gama waɗansunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Irin wannan bashi ƙasa a ke biyansa, ga wanda ke tasowa.

Kada ku ce sai kun girma kun zama likitoci ko manyan ma'aikata. Abin da ma'aikaciyar Jamaika ta yi sa'a ɗaya ce a mako, kayan Tarabai kuwa tsakuwa ne da ganye. Kowannenku yana da ƙane ko ƙanwa, ko ɗan maƙwabci, wanda ke rarrafe a tsakar gida ba mai ce masa kome sai bari da sauka. In kun koma gida hutu, ku zauna da shi. Ku gaya masa sunan abin da ya nuna da yatsa. Ku ƙirga masa 'ya'yan tsamiya, ku bar shi ya ƙirga ya yi kuskure ya sake. In ya yi tambaya ku amsa, in ya yi daidai ku yabe shi. In kun ga yarinya an hana ta makaranta saboda goyo, ku karɓe ta wani lokaci, ku kuma koya mata abin da a ka koya muku. Ba za a karanta sunanku a gaban taro saboda wannan ba, yaron ma ba zai tuna ba. Allah ya ba mu ikon yi duk da haka.